Addu'ar Da Inna Ta Yi Wa Ɗan Gwaggo

Ni ne ɗan farin Inna, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena, "Ku kira min wancan." In ta zuba min tuwo sai ta dire kwanon a bakin ƙofa ta ce, "Ga na mai ɗakin nan," ta wuce abinta. Haka abin yake a ƙauyenmu da ke tsakanin Gwarzo da Kabo: uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta jansa a jiki a gaban mutane. Kakanninmu sun zubar da abubuwa da yawa lokacin da suka karɓi addinin Kirista. Sun bar yanka a gindin tsamiya, wasu har tukunyar giya suka fasa, amma wannan kunyar ɗungurungum suka shigo da ita coci. Danginmu da suka musulunta ma ba su bar ta a baya ba. 'Yan matan yanzu sun fara sakin abin, za ka ji yarinya tana ƙwala wa ɗan farinta kira a bakin rijiya ko a jikinta, amma Inna ba irinsu ba ce.

Da ni kaɗai ne da Inna a duniya, ina jin da na saba na haƙura. Abin da ya hana ni sabawa shi ne ɗan Gwaggo. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, a garin ta yi aure, danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata. Ɗanta na fari sa'ana ne, damina ɗaya aka haife mu. Tun da shi ba Inna ce ta haife shi ba, babu kunyar komai a tsakaninsu. Ta kira sunansa da safe ta kan danga, ta kira da yamma, ta ɓoye masa ƙanzo, ta yi masa kirari in ya dawo daga daji da 'yan ƙiraren da ba su isa dafa shayi ba. Ni kuwa in na sauke dami guda sai ta ce wa iska, "A ajiye can." A ƙa'ida Gwaggo ce ya kamata ta rama min, ta yi min abin da Inna take yi wa ɗanta. To amma Gwaggo mace ce busasshiya, magana tsada take yi mata. In ka ji sunana a bakinta, to aike ne. Shi ya tashi da uwa a kowane gefen danga, ni kuma ko ta ina na leƙa sai in ga an ba ni baya.

Kuma ya san inda yake min ciwo. Taubashina ne, ɗan mace da ɗan namiji, al'ada ta ba mu damar tsokanar juna har mu tsufa, kowa yana kiran ɗaya bawansa. Sai ya shigo gidanmu ya zauna kusa da murhu ya ce, "Inna, wai waye wancan baƙon da yake harararmu?" Ita kuma ta yi dariya ta ƙara masa miya.

Abin da Inna ta fi kowa a yankinmu shi ne addu'a. Ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ita take jan addu'a a cikin matan zumuntar coci tun mahaifina yana da rai. In ta miƙe a coci ta rufe ido, ba ta yin irin addu'ar jimlar nan da ake yi wa duniya baki ɗaya. Mutum-mutum take bi. Ta kira sunanka, ta gaya wa Ubangiji abin da ke damunka dalla-dalla: akuyar da ta ɓata, 'yar da naƙuda ta yi wa tsawo, gonar da wuta-wuta ta cinye. Tana magana da Shi kamar tana ba babban wanta labarin gida. Wanda ta ɗauka a addu'a yakan fito yana share ido, jikinsa sakayau. Ni kuma ina zaune a ɓangaren maza ina cewa amin ga na kowa.

A shekarar da abin ya faru ina ɗinki a Gwarzo. Keke ɗaya gare ni, a wani ɗan shago da na kama a jikin gidan wani Alhaji mai sayar da hatsi. Lokacin zaɓe kaka ce ga tela. Na ɗinka wa waɗannan tutoci, na ɗinka wa waɗancan riguna, ban tambayi kowa ra'ayinsa ba. Ranar da aka faɗi sakamako, waɗanda suka ci suka fito a kan babura suna murna, waɗanda suka faɗi suka tare su, gari ya hargitse. Mutane sukan tambaye ni ko don addinina aka taɓa ni. A'a. Yaran da suka shigo layinmu da gorori da adduna, idanunsu jawur da ƙwaya, ba su tambayi kowa inda yake ibada ba. Ragowar yadin ɗaya ɓangaren suka hango a rataye a ƙofata. Na ɗaga hannun dama na kare kaina, gorar ta sauka a kansa, ta sake sauka. Alhajin ne ya fito ya ja ni ta wuyan riga zuwa zaurensa ya danna sakata, yana ta ba su haƙuri ta bayan kyaure.

A ranar dai, kusa da Kabo, aka tare ɗan Gwaggo. Acaba yake yi, ya ɗauko fasinja sanye da rigar da ba a so a wannan mararrabar. Suka ture su, babur ɗin ya danne masa ƙafa, ƙashin ƙwauri ya karye. Fasinjan ya ranta a na kare, babur ɗin aka cinna masa wuta. Ko a wahala ma sai da ya biyo ni, ya kuma fi ni abin nunawa, don shi har da asarar babur.

Daga asibiti mota ɗaya ta dawo da mu gida. Lokacin da aka shigo da ni, Inna tana tsaye a bakin murhu da muciya a hannu. Ta dubi hannuna, kallo ɗaya, ta mai da kai ga tukunya. Ta ce wa ƙanwata, "An ba shi ruwa?" Daga nan ta ajiye muciyar ta zagaya gidan Gwaggo. Ina kwance a ɗakina na jiyo kukanta ta kan danga, tana kiran sunansa tana cewa an kashe mata ɗa. Hannuna yana zugi har cikin kaina, amma abin da ya tokare min ƙirji a lokacin ba zugin ba ne. Kishi ne, tsagwaronsa. Matan da suka zo dubiya kuwa sai yaba ta suke yi a tsakar gida. "Wannan mata akwai kara. Nata yana kwance amma ko gezau." Ina jinsu ina ƙwafa.

Rikicin ya lafa cikin 'yan kwanaki, amma tsoro bai lafa ba. Kasuwa ta ci rabi-rabi, mutane suna magana ƙasa-ƙasa, in an ji ƙarar babura da yawa sai uwa ta janye ɗanta cikin gida. Sai Fasto da dattawan ikilisiya suka yanke a shiga azumi da addu'a, kullum da la'asar a taru a coci, a tashi tun rana ba ta faɗi ba don na nesa su isa gida da ido. Mu masu ciwo aka ɗauke mana azumin, aka ce dai mu riƙa zuwa in da hali. An ajiye ganga da tulun da mata suke bugawa, waƙar ma a hankali ake yin ta. Faston namu saurayi ne sabon zuwa, daga can kudancin Kaduna aka turo shi, mutum mai kyakkyawar zuciya da saurin hawaye. Shi yake buɗewa. Ya roƙi zaman lafiya ga Gwarzo da Kabo da ƙauyukansu, ga waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, ga maƙwabtanmu Musulmi da aka ƙona wa rumfuna. Ya roƙa wa yaran da aka ba ƙwaya da makami gafara. A nan ne wani tsoho da aka fasa wa jikansa kai ya ce a fili, "Ni dai amin ɗina ba ta kai can ba tukuna." Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya tsawata masa. Bayan wasu kwanaki na ji shi yana faɗin amin ɗin ciki-ciki.

Bayan Fasto sai Inna, ita ce mai ɗaukar waɗanda suka ji ciwo. Na je ranar farko da hannu rataye a wuya cikin majanyi, na zauna inda ba yadda za a yi ta ce ba ta gan ni ba. Na ce a raina yau dai dole ne. Wannan ba maganar tuwo ko itace ba ce, jini ne ya zuba, kuma a gaban Allah ake. Ta fara. Ta ɗauki wata mai tumatir da aka tattake wa kaya aka gurɗe mata ƙugu. Ta ɗauki jikan tsohon nan. Ta ɗauki Alhajin da ya buɗe zaurensa, ta sa masa albarka shi da zuriyarsa, ba ta ce ga wanda ya buɗe wa ba. Sannan ta iso kan ɗan Gwaggo, wanda aka kawo a amalanke aka shimfiɗe a benci kamar ango. Nan ta yada zango. Ta bi ƙafar tun daga gwiwa har yatsu, ta bi babur ɗin, ta bi auren da yake shirin yi da kaka. Muryarta ta karye, mata suka kama sheshsheƙa. Da ta numfasa sai ta ce, "Da sauran waɗanda suka ji ciwo, Ubangiji, Ka san su." Aka ce amin.

Ni ne sauran. Duk cocin nan ba wani mai ciwo da ya rage in ba ni ba. Kashegari haka aka yi, ranar da ta biyo ma haka. Kullum in je da sa rai in dawo zuciya a kumbure. Fasto yana kiran sunana a tasa addu'ar, wasu dattawan ma haka, ban raina ba, amma ni ba tasu nake jira ba. Jama'a suna durƙushe suna roƙa wa ƙasa zaman lafiya, ni ina zaune ina auna tsawon addu'ar ɗan Gwaggo, yau ta fi ta jiya ko ba ta kai ba. Har mai tumatir sai da na ji haushinta, matar da ba ta taɓa yi min komai ba sai ƙarin gyara.

Abin da ya ƙara rura min wuta, ƙafarsa ta kama warkewa kamar ana jan ta. Wani dattijo mai ɗori daga Dugabau ne yake zuwa duba mu. Ya taɓa tasa ya ce ƙashi ya kama, saura ya fara takawa da sanda. Ya kwance kararen ɗorin nawa hannun, sannan ya ce in motsa yatsu. Babban yatsa ya motsa, manuni da na tsakiya suka yi ƙememe. Ya ce a ƙara haƙuri, ya mayar ya ɗaure. Tela da ba ya iya riƙe almakashi, ni ban san sunan sana'arsa ba, ga shi kuma keken nan shi ke riƙe da gidanmu tun rasuwar mahaifina. Sai na fara tunani irin na mai ciwo: wanda aka kira da suna yana tashi, wanda aka jefa cikin sauran yana nan jiya i yau. Ban taɓa zaton Allah yana mantuwa ba, amma na ga ko a asibiti wanda aka shiga da shi aka ce ga wane, shi ake fara dubawa.

Wata rana na leƙa shi na same shi a inuwar darbejiya, ƙafa a miƙe, yana shan romon kaza a kwanon da na sani sarai na gidanmu ne. Ni ma an kai min romon, ban musa ba, amma ƙanwata aka aiko da shi. Nasa kuwa Inna ce ta kai da hannunta, ta zauna har ya fara sha.

"Bawana, ƙaraso mana," in ji shi. "Ka ji yadda Inna ta kai ni sama jiya? Ina jin yanzu mala'iku sun haddace ƙafar nan."

Na ce, "Sha a hankali kada ka ƙware."

"Kai ma fa an sa ka. Ba kai ne sauran ba?"

Da wasa ya faɗa, yadda muka saba, amma na juya na fita ko sallama ban yi wa Gwaggo ba. Ranar na kasa haɗiyewa. Na sami Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri, na tsaya a kanta, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna, ni ban ji ciwo ba ne?"

Ba ta ɗago ba. "Wa ya ce ba a ji ba?"

"To me ya sa kowa ana kiransa ban da ni? Har Alhaji an kira."

"Wanda ake gaya wa ɗin bai san mutane ba ne?"

"Ai ya san ɗan Gwaggo ma, amma kullum sai an tuna masa."

Ta ci gaba da ɓara, ta tattara ɓawon ta watsa gefe. Sannan ta ɗaga murya ta kira ƙanwata. "Zo ki janye min wannan daga rana, zafi ya fara taɓa shi."

Daga nan gidan Fasto na nufa, na same shi a bayan ɗaki yana ba kaji dusa. Na zazzage masa komai. Ya saki baki yana kallona.

"Mama ba ta kiran sunanka? Faɗa kuka yi?"

Na ce ba faɗa, al'ada ce, ni ɗan fari ne. Ya ce a garinsu uwa takan tsaya a bakin hanya ta kira ɗan farinta har na tsallaken rafi ya ji. Ya girgiza kai ya ce, "A gaban Ubangiji babu kunya, ɗan'uwa. Ka bar min wannan." Na san bai gane nauyin abin ba, wata nawa ma ya yi a cikinmu. Da na so da na ƙara masa bayani. Ban ƙara ba, na yi godiya na kama hanya, har ina jin yunwa a karon farko tun da aka dawo da ni.

Ranar Lahadin da za a rufe azumin, coci ya cika har bakin tagogi. Mutanen ƙauyukan kewaye sun zo, matan zumunta sun sha anko. Ƙannen Inna maza, Musulmi ne da ke zaune a ƙauyen Jama'a, sun zo duba ni suka tarar muna sujada, sai suka zauna a inuwar mangwaro a waje suna jiran a tashi, kuma ana jiyo komai daga inda suke. Bayan wa'azi Fasto ya ce duk wanda ya ji ciwo a rikicin nan ya fito gaba. Muka fito. Na durƙusa a kan siminti, aka ajiye wa ɗan Gwaggo kujera dab da ni don ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa tukuna.

Sai Fasto ya ce, "Yau ba mutum ɗaya ne zai yi mana addu'a ba. Kowace uwa ta fito, ta ɗora hannu a kan ɗanta, ta kira sunansa da ƙarfi a gaban Ubangiji, ta roƙa masa lafiya."

Ga yawancin iyayen ba wani abu ba ne, nasu 'ya'yan tsakiya ne ko 'yan auta. Amma kowa ya san ni da ɗan Gwaggo 'yan fari ne, kowa kuma ya san irin iyayenmu. Tsofaffin mata suka sunkuyar da kai. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya matsa zai raɗa wa Fasto magana, ya tarar ya riga ya rufe ido ya ɗaga hannu. In Inna ta ƙi fitowa, ta ƙi maganar Fasto a gaban bagadi. In ta fito ta kira, ta zubar da abin da ta riƙe tun tana amarya, a gaban sa'o'inta, ƙannenta kuma suna ji daga waje. Duk na san haka, kuma ina durƙushe ina jin daɗi.

Na ji tashinta daga benci, don takunta na san shi ko a cikin kasuwa. Ta taho a hankali, Gwaggo tana biye da ita. Ba su dubi juna ba, ba su yi ƙus ba, ban kuma ga lokacin da suka shirya ba, don babu lokacin. Inna ta iso daidai kaina, gefen zanenta ya shafi kafaɗata, na rufe ido na miƙa kai. Sai ta wuce. Hannun da ya sauka a kaina mai kaushi ne, yana warin daddawa. Na buɗe ido na ga Gwaggo a kaina, na ga hannun Inna a kan ɗan Gwaggo. Musanya suka yi. Wata tsohuwa a baya ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Madalla da 'ya'yan mutunci." Fasto ya buɗe ido ya ga abin da ya faru, zai yi magana dattijon nan ya ja masa hannun riga.

Aka bi layi, kowace uwa ta yi nata. Da aka zo kaina Gwaggo ta kira sunana yadda take kira in za ta aike ni, ta ce, "Ubangiji, Ka ba shi lafiya. Amin." Shi ke nan, ko numfashi ban gama saukewa ba. Na yunƙura zan tashi in fice, ta danne min kai da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Sai Inna. Ta kira sunan ɗan Gwaggo, ta sake kira a hankali, yadda ake lallashin yaro. Na cije leɓe ina jiran a fara bin ƙafa daga gwiwa.

"Ubangiji," in ji ta, "Ka dubi hannunsa."

Ɗan Gwaggo yana riƙe da sandarsa da hannu biyu, lafiyayyu, ko ƙwarzane babu.

"Ka dubi hannun nan da yake ci da shi, yake ciyar da gida da shi. Kai Ka ga yadda yake juya wa ƙofa baya in zai ci tuwo, don kada a ga yana ci da hagu. Ka ga ya daina sa riga mai maɓalli, wai zafi yake ji. Ka ga yadda yake zagayawa bayan rumbu da sassafe da allura da zare, yana gwadawa, allurar tana faɗuwa, yana lalube a ƙasa, in ya ji tafiya ya yi kamar kaji yake kora. Ka ga in babur ya wuce sai ya ɗaga hannu ya kare kai."

Ban taɓa gaya wa kowa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na ɗauka bayan rumbun nan daga ni sai kaji. Matar da ban taɓa kama ta tana yi min kallo biyu a jere ba, ban san ta inda take gani ba. Gwaggo ma ta sassauta dannar da ta yi min.

"Zuciya gare shi, Ubangiji, tun yana goye haka yake, in ya so abu ba ya ci ba ya sha. Kada Ka biye wa bakinsa. An daɗe ana jira kafin a same shi, Kai Ka san abin da aka sha. Kada Ka bar shi haka. In yatsun ba za su tashi duka ba, Ka tayar da waɗanda za su riƙe almakashi. Ka cire masa tsoro. Ka cire masa haushin yaran da suka yi masa haka, su ma 'ya'yan wasu ne, kada ya riƙa kwana da su a ransa."

Ta rufe da sunan ɗan Gwaggo kamar yadda ta buɗe da shi. Amin ɗin da aka yi har kwanon rufi sai da ya amsa. Ba wanda bai gane ba. Fasto yana tsaye hawaye sharkaf, kawunnan nawa ma daga baya suka ce min sun shafa addu'ar daga inda suke zaune. Ni ban iya cewa amin ba. Na saci kallo gefe na ga hawayenta yana ɗiga a ƙeyar ɗan Gwaggo, yana gangarawa cikin wuyan rigarsa, shi kuma ya yi ƙasa da kai ya ƙame.

Hannun ya tashi daga baya, ba duka ba. Manuni ya dawo, na tsakiya har yau a sandare yake, na koyi riƙe almakashi a haka, ina nan ina ɗinki a shagona. Mutane sukan ce min ai na sami abin da nake nema har da ƙari. Addu'ar tawa ce, ban musa ba, kuma ban taɓa jin ta yi wa wani irinta ba. Amma ni na san abin da na je nema, sunan da ya fito kuma ba nawa ba ne. Inna tana nan da ranta, ba mu taɓa tayar da maganar ba, kuma har gobe in na ga ɗan Gwaggo ya zauna kusa da ita sai na ji abin nan ya motsa min a ƙirji.

A ranar, da aka tashi daga coci, ni na rako shi gida, yana dogara sanda ina rage tafiya. Ina ta jira ya fara tsokana, don an ba shi abin da zai ci ni da shi har mu tsufa. Bai fara ba. Ni ne na gaji na tambaye shi, ina kallon gonakin gefen hanya.

"Yaya hannunta yake?"

"Kamar yaya?"

"A ka. Da nauyi?"

Ya tsaya ya gyara riƙon sandarsa. Ya ce, "Ba nauyi. Rawa yake yi. Tun da ta ɗora har ta ɗauke rawa yake, sai da ta damƙi gashina don kada a gani."

Na ce to, muka ci gaba da tafiya. Wannan ma sai a bakinsa na ji.